Daga danne-dannen botin zuwa wasan gasa: yadda za ka koyi gem ɗin faɗa da gaske

Ni dai da Tekken 3 na fara, a wani gidan gem na unguwarmu mai talabijin uku da benci ɗaya, irin wanda in an ɗauke wuta kowa sai ya yi tagumi ana jiran mai shago ya tada janareta. Jarumin da ake kira Eddy nake ɗauka, in kifa yatsu biyu a kan botin ɗin ƙafa in yi ta dannawa ba ji ba gani, shi kuma yana ta wulwulawa a ƙasa yana share mutane, kuma dokar gidan wanda aka ci shi zai biya ya miƙa hannun gem ɗin, wato kwanturola, to ni sai in wuni ban tashi daga bencin ba. Ashe kifin rijiya ne ni ban sani ba. Wata rana wani yaro baƙo ya zo hutu gidan kawunsa, ya ɗauki Paul, bai yi wani abin burgewa ba wallahi, tarewa kawai yake yi, in na gama haukana ya ɗirka min naushi ɗaya ya koma ya tsaya. Sau goma a jere ya ci ni, na tashi ina cewa hannun ne ya lalace.

Abin da yaron nan ya sani ni ban sani ba shi zan warware maka a nan, mataki bayan mataki. Amma tukuna ka gane wasa iri biyu ne. Akwai na nishaɗi, ku taru bayan isha'i ana ihu ana tsokana kowa ya ɗauki jarumin da ya ga dama, wannan ba laifi a cikinsa kuma kar wani ya raina maka shi. Akwai kuma na gasa, inda kake so ka san dalilin da ya sa aka ci ka, ka gyara, gobe kar a ci ka ta wannan ƙofar. In na farkon ya ishe ka to shi ke nan, sha shagalinka. In kuwa cin da ake maka ya fara hana ka barci, biyo ni.

Abu na farko, zaɓi gem ɗaya tak. Kuma ka zaɓe shi da lissafin abu biyu, na'urar da kake da ita da kuma mutanen da za ka samu ku buga. Street Fighter 6 ya fito a watan Yunin 2023 kuma yana hawa PS4, wannan babbar dama ce ga mu da yawancin gidajen gem ɗinmu har yanzu PS4 ce. Tekken 8 na Janairun 2024 da Mortal Kombat 1 na Satumbar 2023 ba sa hawa PS4, sai PS5 ko Xbox Series ko kwamfuta mai ƙarfi, Mortal Kombat 1 kuma yana hawa Nintendo Switch ma, to in ba ka da su Tekken 7 da Mortal Kombat 11 suna nan daram, kuma yawancin abin da ka koya a cikinsu zai bi ka zuwa sababbin. In duk unguwarku Mortal Kombat ake bugawa kai ma fara da shi, gem mai kyau da ba ka da abokin karawa a cikinsa ado ne kawai. Sai dai a kula, Mortal Kombat na manya ne, jini da yanke-yanken da ke ciki bai kamata ƙananan yara su zauna kallo ba.

Na biyu, jarumi ɗaya, kuma ka yi masa alƙawarin wata uku. Na san da wuya, mutum yana shan kashi sai ya ce jarumin ne ba shi da ƙarfi ya canza, gobe ma ya canza, ƙarshe ya san kowa sama-sama bai iya kowa ba. A Street Fighter 6 Ryu ko Ken ko Luke sun isa su koya maka komai, a Tekken Paul ko Claudio ba su da wahalar hannu, a Mortal Kombat kuwa Scorpion ko Sub-Zero ko Liu Kang. Amma in akwai wanda kawai kake so saboda shigarsa ko tafiyarsa ɗauke shi, soyayyar ce za ta riƙe ka ranar da aka yi maka dukan kawo wuƙa. Kuma in hannunka bai saba da murza kibiya ba, Street Fighter 6 yana da tsarin Modern inda botin ɗaya ke fitar da sifeshal, wato dukan musamman na jarumi, ana rage ƙarfin dukan da kashi 20 cikin ɗari in ka bi ta gajeriyar hanyar, kuma an yarda da shi a manyan gasa, don haka duk wanda ya ce maka na ragwaye ne rabu da shi.

Na uku shi ne tarewa, kuma nan zan daɗe don nan ne aka fi yin asara. Ka taɓa kallon dambe ai, ɗan damben kirki hannun da bai naɗe ba shi yake miƙawa gaba yana auna tazara yana kare fuska, ba ya sakin naɗaɗɗen sai ya ga ƙofa. Haka gem ɗin faɗa yake, sai dai kowane gem da yadda ake tarewa a cikinsa, kuma mutane da yawa suna shekara suna bugawa ba su san bambancin ba.

A Street Fighter baya kake riƙewa, kuma zamanka na asali a durƙushe ne, wato ƙasa da baya tare, don yawancin duka ana tare su a haka. Miƙewa tsaye sai in ya yi tsalle ya nufo ka ko ya kawo dukan da ke saukowa ta kan kai. A Tekken kuwa akasin haka ne, a tsaye ake zama, don tarewar tsaye tana kare dukan sama da na tsakiya, kuma manyan dukan da ke cilla mutum sama yawanci na tsakiya ne, in ka durƙusa ba dalili su za su kwashe ka. Gara ka bari a ɗan tsattsage ka da ƙananan dukan ƙafa da ka durƙusa a cilla ka a cinye maka kusan sulusin jini, wato ran jaruminka da ake nunawa a saman allo. Mortal Kombat shi botin ɗin tarewa daban gare shi, R2 a hannun PlayStation, kuma ko ka tare ana ɗan gutsurar jininka, sannan kamu in ka saki botin ɗin ka durƙusa haka nan sai ya wuce ta samanka.

Ga aikin da zan ba ka na sati guda. Duk wasan da ka shiga, turmin farko kar ka nemi ci, ka ce yau kallo na zo yi. Tare, ka ga me yake yi in ya matso, me yake yi in ya faɗi zai tashi, sau nawa yake tsalle. Za a ci ka, za a yi maka dariya ma, amma cikin kwana uku za ka fara ganin abin mamaki, yawancin mutanen da kake tsoro abu uku ko huɗu kawai suke maimaitawa. Sannan ka haɗa da kakkaɓo mai tsalle, a Street Fighter yawancin jarumai suna da babban naushi na durƙushe ko Shoryuken, naushin nan da mai shi ke tashi sama da shi, don wannan aikin, a Mortal Kombat naushin nan na ƙasa zuwa sama da kowa ya sani. Wanda ya iya tarewa da kakkaɓo mai tsalle kaɗai ya riga ya wuce rabin 'yan gidan gem.

Na huɗu, sanin layin waye. Wannan shi ne sirrin yaron nan mai Paul. Waɗannan gem ɗin suna tafiya ne a kan hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, kowane hoto ana ce masa firem, kuma kowane duka yana da adadin firem ɗin da yake ɗauka kafin ya fita, da kuma wanda mai shi yake ɗauka kafin ya dawo daidai. To in ka tare duka, ɗayanku zai riga ɗaya farfaɗowa. In an ce duka yana da -10 a kan tarewa, ma'ana kai da ka tare ka riga shi motsi da firem 10. A Tekken ƙaramin naushin kusan kowa firem 10 ne, don haka duk dukan da ya kai -10 kana da naushi kyauta wanda ba yadda zai yi ya tare, in kuwa ya kai -15 yawancin jarumai za su iya cilla shi sama su yi masa kombo cikakke, wato jerin duka a haɗe da ba ya iya tarewa. A Street Fighter 6 duka mafi sauri na yau da kullum firem 4 ne, daga -4 ake fara hukunci ke nan, shi ya sa sharar ƙafa da Shoryuken in an tare su mai su yake shiga uku.

In kuma lissafin ya nuna shi ne a gaba, misali +2, to har yanzu layinsa ne, ka danna botin ka sha duka, shi ya sa wani lokaci za ka rantse ka riga shi dannawa amma kai aka buga. Ba hannun ba ne ɗan'uwa, layin ne ba naka ba. Kar ka ce za ka haddace lambobin duka jarumai, ba mai yin haka a farko. Duk dukan da ya dame ka a yau shi kaɗai za ka je ka duba, Street Fighter 6 da Tekken 8 duk suna nuna lambobin a cikin ɗakin tirenin, Tekken 8 ma har da darasi na musamman na koyon hukunta dukan kowane jarumi.

Wani abu da ya rataya da wannan, idon mutum da hannunsa suna buƙatar kusan kwatan daƙiƙa kafin su amsa abin da suka gani, wato wajen firem 15, a cikin zafin wasa ma ya fi haka. Saboda haka akwai dukan da ake gani a tare, akwai wanda sai dai hasashe. Drive Impact na Street Fighter 6, wani babban duka da kowane jarumi yake da shi, firem 26 ne, ana iya ganinsa a mayar masa da irinsa ko a kama shi, wannan da atisaye ake koyonsa. Kamu na kusa kuwa a wannan gem ɗin ba a ganinsa, sai dai ka karanci mutum. In ka gane wannan za ka daina zagin kanka a kan abin da ba laifinka ba.

Na biyar, ɗakin tirenin, amma minti 20 ya isa. Kuskuren da na yi shekaru shi ne in shiga in yi ta dukan gunkin da ba ya ramawa ina koyon dogon kombo, in fito wasa ko sau ɗaya ban samu damar yinsa ba. Yadda ya kamata, minti biyar na farko ka maimaita sifeshal ɗinka sau goma a jere ta hagu sau goma ta dama, in ka kuskure a na takwas koma ɗaya, kuma ka kunna abin da ke nuna botin ɗin da ka danna a gefen allo don ka ga inda yatsanka ke zamewa. Sauran lokacin ka yi rikodin, ka sa gunkin ya yi abin nan da aka cuce ka da shi jiya, ka haɗa masa da wani abu daban guda ɗaya ko biyu ka sa ya riƙa fitar da su ba tsari, kai kuma kana neman amsa. Kombo kuwa biyu sun ishe ka a wata na farko, ɗaya na tsakiyar fili ɗaya na hukunta babban kuskure, gajeru waɗanda ko daga barci aka tashe ka ba za su zube ba.

In ka fara kallon darussa a YouTube za ka ga lambobi kamar 236 ko 623, kar su ruɗa ka, lambobin gefen dama na kibod ɗin kwamfuta ne aka mayar kibiyoyi, 2 ƙasa, 6 gaba, 4 baya, 8 sama, to 236 shi ne ƙasa, ƙasa-gaba, gaba, wato murzawar Hadoken, dunƙulen ƙarfin nan da Ryu da Ken ke harbawa. 'Yan Tekken kuma 1 da 2 hannun hagu da na dama ne, 3 da 4 ƙafar hagu da ta dama.

Na shida, nemi wanda ya fi ka ku yi doguwar karawa, wanda ya fara cin goma. Wasa ɗaya ba ya koyar da komai, kowa zai iya ci da sa'a ko da wata dabarar da ba a saba gani ba, amma zuwa wasa na biyar ya gano ka kai ma ka gano shi, daga nan ne ainihin wasan yake farawa, in kiɗa ya canza rawa ma ta canza. Bayan kun gama ka tambaye shi kai tsaye, malam me kake gani ina yi? Yawancin gwanaye suna son a yi musu wannan tambayar. Sannan ka kalli rifile, wato maimaicin da gem ke ajiyewa, na wasan da aka ci ka, guda ɗaya a rana, kana tsayarwa duk inda jininka ya ragu kana tambayar kanka me na danna a nan. A Tekken 8 har za ka iya karɓar jaruminka a tsakiyar rifile ɗin na 'yan daƙiƙu ka gwada wata amsar.

Kuma kar ka ce ai mu nan ba mu da kowa. Arslan Ash ɗan Lahore ne a Pakistan, a shagunan gem na garinsu ya koyi Tekken lokacin da duniya ta ɗauka Koriya ta Kudu da Japan ne kawai masu abin. A 2019 ya sha wahalar biza da sauye-sauyen jirgi kafin ya isa EVO Japan, reshen Japan na EVO babbar gasar gem ɗin faɗa ta duniya, ya cinye gasar, bayan 'yan watanni ya je Las Vegas a Amurka ya doke Knee na Koriya a wasan ƙarshe na EVO. MenaRD kuma daga Jamhuriyar Dominika ya ci Capcom Cup, babbar gasar Street Fighter, a 2017 yana ɗan shekara 18. Dukansu abin da suke da shi a gida shi ne mutane kaɗan masu zama wuri ɗaya suna dukan juna kullum suna gaya wa juna gaskiya.

Maganar onlayin kuma, ka sa kebul daga rauta zuwa na'urarka, Wi-Fi yana tsinkewa a ɓoye ko da netwok ɗinka yana da gudu, kuma Street Fighter 6 da Tekken 8 suna nuna wa abokin karawarka alamar cewa a Wi-Fi kake, da yawa suna gani za su ƙi karɓa. Gudun saukar da fim ba shi ne abin dubawa ba, tsayuwar layin ce da kusancinku, don na'urarka da tasa ne suke magana da juna. Talabijin ɗinka ma ka shiga saitinsa ka kunna yanayin gem, yana rage jinkiri tsakanin yatsanka da allo. In ka shiga wasan ranki, a Street Fighter 6 daga Rookie ake hawa a bi ta Iron, Bronze, Silver, Gold, Platinum, Diamond har Master, to ka sa wa kanka doka, an ci ka uku a jere ajiye hannu ka sha ruwa, don wasan da ake yi da zuciya maki kawai yake zubarwa. Kuma don Allah kar ka zama mai zare waya in ya ga za a ci shi.

Na bakwai, ranar gasa. Yawancin gasa sai an ci ka sau biyu kake fita, cin farko yana jefa ka layin waɗanda aka ci, daga can ma za ka iya komawa har wasan ƙarshe, sai dai a nan dole ka ci na layin sama karawa biyu shi kuwa ɗaya ta ishe shi. A zagayen farko wanda ya fara cin wasa biyu ya wuce, kusa da ƙarshe a koma uku. Wanda ya ci ba ya canza jarumi, wanda aka ci ne yake da wannan damar. Ka zo da hannunka da kebul ɗinsa, ka duba saitin botin kafin a fara, in ka danna tsayarwa a tsakiyar wasa ko da kuskure ne turmin ya tafi, in kun gama kuma ka cire haɗin hannunka daga na'urar don kar ka tsayar wa wasu wasa daga cikin jaka. Hannunka zai yi rawa a wasan farko, kowa ma haka ya fara. Ka nemi bidiyon Daigo Umehara da Justin Wong na EVO 2004 a Street Fighter III: 3rd Strike, jinin Daigo saura ɗigo, ko tarewa ya yi ya mutu, ya kaɗe duka 15 na Chun-Li, jarumar da Justin ya ɗauka, ɗaya bayan ɗaya ana ta ihu a bayansa sannan ya rama ya ci turmin, wannan hannu ne da ya maimaita abu har ya daina jin hayaniya.

In babu gasa kusa da ku ku haɗa taku, mutum takwas da talabijin biyu da takarda ɗaya sun isa, a rubuta dokoki kafin a fara har da abin da za a yi in wuta ta ɗauke a tsakiyar wasa, mu dai sake wannan wasan muke yi daga farko amma cin da aka riga aka yi yana nan. Kuma ku bar sa kuɗi tsakanin mutum biyu, caca ce, kuma na ga abota ta mutu a kanta.

Saura matsala ɗaya da ba wanda ya gaya min. Bayan wata uku ko huɗu za ka wayi gari abokanka na bayan isha'i ba sa iya taɓa ka, kuma in ka ci gaba da lallasa su ba tausayi za su koma ƙwallo su bar ka da hannu biyu kai kaɗai, ni haka ta faru da ni har sai da na bi su gida ina lallashi. Abin da nake yi yanzu in mun zauna, jarumina na gasa ba ya fitowa, kwamfuta nake bari ta zaɓar min, ko in ce yau ba ni ba kombo sai duka ɗai-ɗai da kamu, wanda ni ma atisayen auna tazara ne a wurina, ko a rage min jini in gem ɗin yana da saitin. Mai maimaita duka ɗaya ba na ce masa komai sai in ya tambaya, in ya tambaya kuwa abu ɗaya nake nuna masa a daren, yawanci yadda zai hukunta sharar ƙafata. A cikin su shida biyu sun kamu, ɗayan ƙanin abokina ne da King na Tekken yake ɗauka, satin da ya wuce ya ci ni 10 da 7 da jarumina na gaske, yanzu haka kamun King nake zaune ina koyon ɓallewa.